Kumbon Takarda

Yaran Talata Mafara da Bakura sun daɗe suna ninke takardar tsohon littafi su yi jirgi, da damina kuma kwalekwale. Yanzu wasunsu, masu kallon finafinan sararin samaniya a waya, kumbo suke ninkawa, har da fikafikai. Abin yana faranta mini rai, domin ninki yana da amfani a ainihin aikin sararin samaniya. Na'urar hangen nesa ta James Webb da aka harba a Disamba 2021, a ninke aka sa ta cikin roka, sai da ta isa sama ta warware. Wani masani ɗan Japan, Koryo Miura, ma ta nazarin ninki ya samo hanyar tattare faifan hasken rana na kumbo. Ina fata malaman firamare a waɗannan garuruwa su riƙa ware wa yara lokacin wannan aiki.