Raƙuman Iskar da ke Karya Shingen Hunturu

A farkon shekarar 1952, wani masanin yanayi a birnin Balin, Richard Scherhag, ya ga abin da ya saɓa wa hankali a ma'aunan da balan-balan ke ɗauka zuwa sama. A tsakiyar hunturu, iskar da ke nisan kusan kilomita 30 daga ƙasa ta ɗumama ƙwarai cikin 'yan kwanaki. Sai a 1971 Taroh Matsuno, ɗan ƙasar Japan, ya warware dalilin.

Idan hunturu ya kankama, rana takan ƙaurace wa ƙurewar arewacin duniya na tsawon watanni. Samaniyar wurin ta yi sanyi matuƙa, sai wata iska mai ƙarfi ta yi mata zobe, tana gudu daga yamma zuwa gabas, ta killace sanyin kamar shinge.

Abin da ke karya shingen kuwa daga ƙasa yake tasowa. Tsaunukan Himalaya da na Rocky, da bambancin zafin teku da na tudu, sukan karkatar da iska har ta riƙa tafiya tana lanƙwasa. Wannan lanƙwasar ita ake kira raƙuman Rossby, kuma manyan cikinsu, ɗaya ko biyu sun isa su kewaye duniya. Ba sa iya hawa sama sai iskar can tana fitowa daga yamma. Da bazara takan juya, ƙofa ta rufe. Da sun hau inda iska ba ta da kauri, sai su kumbura su fashe kamar raƙuman teku a gaɓa, su rage wa zoben gudu. Daga nan iska ta gangaro, ta matsu, zafinta ya ƙaru, wani lokaci har da digiri 50. A kudancin duniya, inda teku ya fi yawa, raƙuman ba su da wannan ƙarfi. Sau ɗaya aka ga irin wannan babban lamari, a Satumbar 2002.

A Fabrairun 2018 zoben arewa ya rabe biyu, kuma bayan kimanin mako biyu sanyin Sabiriya ya mamaye Turai har Birtaniya. Wannan tazarar ita ce ribar masu hasashe da masu tanadin iskar gas. Amma a bi a hankali da kanun labarai da ke ɗora wa zoben laifin kowane sanyi: ana samun irin wannan ɗumamar kusan sau shida a shekara goma, kuma ba kowacce ce tasirinta ke saukowa ƙasa ba.