Zuwa ga Ummi, bayan dawowarmu daga Gana

Ummi, uwata,

Na san kin fi son a rubuto miki magana da a zaunar da ke a faɗa miki, domin a rubuce kina samun sararin juya ta, babu mai jiran amsa nan take, babu mai cewa ki ɗago ki kalle shi. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakinki da falo. Mun kuma yi da ke cewa za a buga wasiƙar nan, amma sai kin bi ta layi-layi kin soke abin da ba ki so. Duk abin da baƙo ya gani a nan, da izininki ya gan shi.

Lokacin da ƙungiyar iyayen nan ta zangon Akara ta gayyace ni in yi musu jawabi a kan otizim, wanda gidajen rediyonmu ke kira galahanga, na amsa da sharaɗin cewa da iyalina zan zo. Ranar 2 ga Afrilu suka sa, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware a ƙarshen 2007, bisa shawarar ƙasar Katar, domin wayar da kai a kan lamarin. Ban ga da wane baki zan ce wa mutane su daina ɓoye 'ya'yansu ba, ni kuwa na baro tawa a Kano. Ko ba don jawabi ba ma, kin cancanci hutu kamar yayanki da ƙannenki. Kin cancanci ki ga teku.

Dangi ba su so ba, kin kuma ji wasu maganganun da kunnenki, ko da yake sun ɗauka ba kya saurare. "Ina za ku da ita? Ku bar ta wajen Hajiya mana." Wannan mai sauƙi ce. Mai nauyin ita ce wadda gwaggonki ta faɗa mini a soro, kuma ƙauna ce ta sa ta faɗa: "Kana tona wa gidanka asiri. Idan duniya ta ji, wa zai zo neman aurenta? Wa zai nemi ƙannenta?" Tsoronta ba na banza ba ne. Haka mutanenmu ke bincike kafin aure, haka kuma suke ja da baya. Amma abin kunya ake rufa wa asiri, ke kuwa ba abin kunya ba ce. Abin da na yarda a rufe shi ne sirrinki na kanki, irin wanda kowace budurwa ke da shi. Waɗannan biyun ba ɗaya ba ne, kuma duk tafiyar nan ƙoƙarina shi ne kada in cakuɗa su.

Mamanki ce ta ɗauki nauyin shiri. Ni fasfo kawai na nema da katin rigakafin shawara, tunda ɗan Najeriya ba ya bukatar biza zuwa Gana. Ita ce ta zauna da ke ta zana kowane mataki a kwali: layin awon kaya, wurin binciken jiki, ƙofar jirgi, ɗamarar kujera. Ta haɗa abin toshe kunnenki, da hijabanki masu laushi waɗanda ɗinkinsu ba ya sukar wuya, da kofinki, da taliyar da kika saba. Komai ya tafi yadda kwalin ya ce, sai a inda muka sauya jirgi aka yi jinkiri, lasifika ta yi ta sanarwa, mutane suka fara ɗaga murya. Kika zauna a ƙasa, hannu a kunne, kina rausaya jiki. Wata mata ta ce, yadda kowa zai ji, "Gandamemiyar budurwa haka? Rashin tarbiyya ne." Ban tanka mata ba, don ke ce a gabana. Wani mai shara ne ya matso ba tare da tambayar komai ba, ya nuna mana wani lungu kusa da wurin salla inda ƙarar ba ta kaiwa. Allah ya saka masa da alheri. Daga baya kin ce mini abin kamar a kunna rediyo goma ne a ɗaki ɗaya, kowace da tasharta, a ce kuma ki amsa tambaya. Ke kika ce in bar labarin nan a wasiƙar, don mai irin bakin matar nan ya karanta. A filin jirgin Gatwick na Ingila, tun 2016 suka fito da wata igiyar wuya mai zanen furanni, wadda ke sanar da ma'aikata cewa mai sanye da ita yana da larurar da ido ba ya gani. Ba wani kuɗi take ci ba, kuma ban ga abin da zai hana filayen jirginmu yin haka ba.

A zauren wata makarantar Islamiyya a Nima aka yi taron, da Hausa, domin a zangon Akara Hausa ce harshen kasuwa da masallaci. Tun zamanin fataken goro na Gwanja da Salaga harshen ya zauna a ƙasar. Kin zaɓi kada ki shiga, kika zauna a masauki da taswirarki, ban kuma matsa miki ba. Kin ce kada in nuna hotonki, kada in ba da labarin ranakun da suka fi miki wuya a gida. Ban yi ba. Wani saurayi mai ɗaukar bidiyo ya roƙa a kawo ki "don mutane su gani da idonsu", na ce masa a'a. Ba don a kalle ki na kawo ki Gana ba.

Jawabin nawa gajere ne. Na ce musu Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta kimanin yaro 1 cikin 100 yana da otizim, wato makarantar da ke da ɗalibai dubu ya kamata a tarar da kamar goma a cikinta, idan kuwa ba a gan su ba, to suna ƙuryar ɗaki. Tambayoyin ne suka cinye ranar. Mace ta farko da ta miƙe ba ta yi wani kewaye ba: "Malam, laifina ne?" Dangin mijinta sun ce daga wajenta ne. Na ce mata wannan zargi ba a zango aka fara shi ba. Bayan likita Leo Kanner ya bayyana yanayin a 1943 daga yara goma sha ɗaya da ya duba a Amurka, an shafe shekaru manyan masana irin su Bruno Bettelheim suna cewa rashin ƙaunar uwa ne ke jawo shi. Ƙarya ce, kuma ta ƙona zukatan mata da yawa kafin a watsar da ita. Wani bincike da aka buga a 2019, a kan mutum fiye da miliyan biyu a ƙasashe biyar, ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 na lamarin daga ƙwayoyin halitta yake, waɗanda ɗa ke ɗaukowa daga uwa da uba duka. Ba wani abu ta ci ba, ba wanka ta yi da almuru ba.

Sai batun allurar rigakafi, wanda na san zai zo. Wani likitan Ingila, Andrew Wakefield, shi ya kunna wutar nan a 1998 da rahoto a kan yara goma sha biyu kacal. A 2010 mujallar Lancet ta janye rahoton, aka kuma soke sunansa daga rajistar likitoci. A Denmak an bi yara fiye da 650,000, ba a ga alaƙa tsakanin rigakafin ƙyanda da otizim ba. Na ce musu ni Bakano ne, na ga abin da jita-jita ta yi mana a 2003 lokacin da aka dakatar da rigakafin shan-inna, cutar ta sake bazuwa har ƙasashe na kusa da na nesa.

Inda na fi taka-tsantsan shi ne batun aljanu. "Ɗan ruwa ne." "An yi masa sammu." "An musanya shi tun yana jariri." Duk an faɗa mana waɗannan a kanki, Ummi. Na ce musu ni ma mai addu'a ne, kullum ina tofa miki kafin ki kwanta, ba kuma zan daina ba. Amma duka, da turara hayaƙi a fuskar yaro, da hana shi abinci, da ɗaure shi, waɗannan zalunci ne ko da sunan wa aka yi su. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a gidajen mari a Kaduna da Daura a 2019. Su ma a Gana, ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto tun 2012 a kan masu larurar ƙwaƙwalwa da ake ɗaure wa da sarƙa a sansanonin addu'a. Yaron da ba ya iya faɗin inda ke masa ciwo shi ya fi kowa saurin faɗawa irin wuraren nan. Na kuma ce duk wanda ya ce yana da maganin da zai cire otizim, kuɗinsu yake so. Abin da ke taimakawa a hankali yake aiki: koyar da magana, ko da katunan hotuna ne, tsarin yini da ba ya yawan sauyawa, malami mai haƙuri, da ganin likita idan akwai farfaɗiya ko rashin barci, don sukan zo tare.

Wani ya tambaye ni wace baiwa gare ki. Na gane abin da yake so ya ji. Mutane sun ji labarin Temple Grandin, farfesar kimiyyar dabbobi da ta gyara yadda ake sarrafa shanu a Amurka, sun ji na Kanyeyachukwu Tagbo-Okeke, yaron nan ɗan Najeriya da zanensa ya shiga kundin Guinness a 2025. Ina alfahari da su. Amma ban amsa tambayar ba, domin a sahun gaba akwai wata tsohuwa da ɗanta mai gemu, wanda bai taɓa furta kalma ba. Idan na fara lissafa abin da kika iya, me na ce mata ke nan? Darajarsa da taki ɗaya ce, kuma ba baiwa ce ta ba ku ita ba. Ita ce ta yi tambayar da ta sa zauren ya yi tsit: "Idan na mutu, wa zai riƙe shi?"

Tambayar nan tana hana ni barci ni ma, ba zan ɓoye miki ba. Abin da na iya ba ta shi ne labarin Donald Triplett, yaro na farko a cikin sha ɗayan Kanner. A wani ƙaramin gari mai suna Forest a jihar Misisipi ya rayu, ya yi aiki a banki, ya tuƙa motarsa, ya zaga ƙasashe shi kaɗai, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Gidansu masu hali ne, gaskiya, amma bayan iyayensa sun rasu mutanen garin ne suka ci gaba da sa masa ido, domin sun san shi tun yana yaro, sun san yadda yake. Mu da muke tinƙaho da zumunci, unguwa za ta iya yin haka. Sai dai ba ta riƙe wanda ba ta taɓa gani ba. Dalilin da ya sa nake magana ke nan, kuma ita ce amsar da na kawo wa gwaggonki.

Maza ba su kai a ƙirga su ba a zauren, abin kuma ya ɓata mini rai. Muna fakewa da cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, mu bar uwa da asibiti da makaranta da surutun dangi, wani ma ya sake ta ya auro wata. Na faɗa wa 'yan kaɗan da suka zo cewa ranar da uba ya riƙe hannun ɗansa ya shiga da shi masallaci, rabin gulmar unguwa ta mutu.

Sauran kwanakin naku ne. A Kef Kos kin tsaya nesa da ruwan teku kina ƙirga igiyoyinsa, ba ki yarda ya taɓa ƙafarki ba. A dajin Kakum yayanki da ƙannenki suka hau gadojin igiya bakwai da ke rataye a saman itatuwa, ni da ke muka zauna a ƙasa, ban kuma ji na rasa komai ba. Madatsar Akosombo kuwa zaɓinki ce tun daga gida, ke da kika haddace madatsun ruwa tun daga Tiga har Kainji. Kin san an gama ta a 1965 zamanin Kwame Nkrumah, kin san tafkin Volta yana cikin mafiya faɗi da ɗan Adam ya tara a duniya. Da mai yi mana jagora ya ce an tashi mutum kimanin 80,000 daga garuruwansu kafin ruwa ya rufe su, kika yi shiru, can kika ce, "An tambaye su?" Bai da amsa. A mota kika sake tambaya ko sun tafi da kaburburan iyayensu. Masu cewa irinku ba sa jin tausayin mutane, da ma suna cikin motar nan.

Yanzu ga abin da ke gabanmu. Wasu iyaye a Maraɗi sun ji labarin taron, sun aiko suna so mu je bayan babbar salla, sun kuma tambaya ko ke za ki ce wani abu da kanki. Ban ba su amsa ba tukuna. Kina iya magana, kina iya rubutawa in karanta da sunanki, kina iya zuwa ki zauna a masauki kamar wancan karon, kina kuma iya cewa kada in ambace ki sam, in yi jawabina a kan sauran abubuwa. Duk wanda kika zaɓa, zan tsaya a kansa. Mota za mu shiga, ta Katsina da Jibiya, babu lasifikar filin jirgi, kuma Mamanki ta ce za ku zana kwalin tare. Sun ce in sanar da su kafin ƙarshen wata.

Allah ya yi miki albarka, ya raya ki.

Mahaifinki,
Abba