Kwana Tara da Takarda a Jaka

Malamar tana koyar da lissafi ne a wata makarantar firamare, kuma tana ɗauke da cikinta na fari mai wata huɗu lokacin da ta je awo a wani asibiti. Kamar sauran matan da ke layi, an soki ɗan yatsanta, aka ɗiga jinin a kan wani ɗan tsinken gwaji domin binciken ƙwayar cutar ƙanjamau. Bayan kamar minti ashirin sai wata ma'aikaciya ta leƙo, ta kira sunanta, ta miƙa mata takarda a gaban mata fiye da talatin, ta ce, "Ke, jininki ya nuna. Ki dawo wani satin, yau kayan aiki sun ƙare." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, ta kira ta gaba.

Kwana tara takardar ta yi a cikin jakar malamar. Ba ta gaya wa maigidanta ba, domin ta san tambayar da za ta biyo baya: wa ya kawo? Ta yi ta dubansa yana cin abinci tana zarginsa a zuci, daga nan kuma ta tuna ƙarin jinin da aka yi mata tana ƙarama, sai zargin ya koma kanta. Ta daina barci, ta daina cin abinci sosai, a aji kuma takan tsaya riƙe da alli ta manta inda ta kwana. Har ta fara tunanin abin da za ta faɗa wa mahaifiyarta idan aka ba ta takardar saki.

Ran da ta koma, wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya ta tarar. Matar ta duba takardar, ta dubi fuskarta, ta tashi ta rufe ƙofa.

"'Yata, me aka ce miki wannan takarda tana nufi?"

"Mama, cewa aka yi jinina ya nuna."

"To zauna. Abin da aka yi miki gwajin farko ne, gwajin tantancewa. Da shi kaɗai ba a cewa mutum yana da cuta."

Dattijuwar ta yi mata bayani dalla-dalla. Irin wannan gwaji na gaggawa ba ƙwayar cutar yake gani ba. Abin da yake nema shi ne sinadaran kariya da jiki ke samarwa idan ƙwayar ta shiga. An ƙera shi ne yadda da wuya mai cutar ya kuɓuce masa, saboda haka wani lokaci yakan kama wanda ba shi da komai. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce, gwajin gaggawa da za ta amince da shi ya gano aƙalla 99 cikin 100 na masu cutar, ya kuma wanke aƙalla 98 cikin 100 na marasa ita. Shi ya sa a shekarar 2019 hukumar ta ba da shawarar kada a tabbatar wa kowa yana ɗauke da ƙwayar sai gwaji iri uku daban-daban sun nuna haka a jere.

Da yake lissafi sana'arta ce, malamar ta karɓi biro ta juya bayan takardar. Binciken da aka gudanar a faɗin Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙwayar. Ke nan a cikin mutum 1,000, goma sha huɗu ne masu ita, 986 kuma lafiyarsu ƙalau. Idan aka ɗauka gwajin yana kuskure sau ɗaya tak a cikin kowane lafiyayye ɗari, zai nuna mutum wajen goma da ba su da komai. A cikin mutum 24 da za a ce "jininsu ya nuna", goma ba su da cutar. Ta daɗe tana kallon alƙaluman, hannunta yana rawa.

Aka yi mata gwaji na biyu da wani samfurin daban, bai nuna komai ba. Tun da sakamakon biyu sun saɓa, dattijuwar ta ce ta dawo bayan kwana 14 a sake. Wannan jira ma ba shi da daɗi, amma ya bambanta da na farko, domin yanzu ta san abin da take jira. A daren nan ta gaya wa maigidanta komai, shi kuma ya ce tare za su koma a gwada su duka.

Da ranar ta zo, gwajin ya wanke su biyun. Duk da haka dattijuwar ba ta sallame su da murna kawai ba. Ta faɗa musu cewa sakamakon da ya ce "babu" shi ma yana da iyaka: wanda ƙwayar ta shige shi kwanan nan, jikinsa kan iya ɗaukar har wata uku kafin sinadaran su bayyana a irin wannan gwaji. Don haka ta ce malamar ta sake gwaji kafin haihuwa. Ta kuma gargaɗe su kada su fita suna cewa gwajin asibiti ƙarya ne. Idan gwaji uku suka haɗu a kan magana ɗaya, to maganar ta tabbata, kuma sanin hakan da wuri rahama ne. Uwar da ba ta shan magani tana iya sa wa jaririnta ƙwayar da kashi 15 zuwa 45 cikin ɗari, amma idan ta riƙe maganin sai abin ya sauka ƙasa da kashi 5.

Malamar takan ce ba ta riƙe ma'aikaciyar farko da mugun nufi ba. Ta ga tsawon layin, ta ga mace ɗaya tana aikin mutum uku. Sai dai Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Tsinken gwajin ya yi iyakar abin da aka ƙera shi ya yi. Abin da ya rage na mutum ne, wato a keɓe majiyyaci, a rufa masa asiri, a gaya masa me sakamakon yake nufi da me ba ya nufi, sa'annan a nuna masa mataki na gaba. Bayanin da ya kwantar mata da hankali bai kai minti goma ba, rashinsa kuwa ya kusa raba aure.

Akwai abin da har yanzu yake damun ta. A cikin matan nan talatin da suka ji an kira sunanta, wasu 'yan unguwarsu ne. Babu ko ɗaya daga cikinsu a ɗakin ranar da aka wanke ta. Ta haifi ɗanta lafiya, an yi suna, amma ta lura akwai maƙwabciyar da ta daina karɓar abinci daga gidanta, kuma har yau ba ta san ta inda za ta fara yi mata bayani ba.