Kumfar Kanwa a Dogon Daji

Wanda ya taso daga Sakkwato ya kama hanyar Jega, zai wuce Boɗinga da Shagari kafin ya iso Dogon Daji, a ƙasar Tambuwal. Ni daga Zariya na zo, inda nake koyar da ilimin sinadarai a sakandare, kuma suna ne ya kawo ni gidan wata ƙawata da ƙanwarta ta haihu. Yankin nan har zuwa Kebbe na manoma ne, gero da dawa da wake ko'ina, sai itatuwan tsamiya jefi-jefi a gonaki.

A madafa na fi zama. Nan yakuwa sunanta sure, kuma ba a wasa da ita. Da ganyen ya dahu, uwar ƙawata ta tsiyaya jiƙon kanwa a tukunya, sai kumfa ta taso har baki. Na ce, "Inna, yaya kike gane ta isa?" Ta ce, "Ɗiyata, in kumfa ta kwanta ai tsami ya mutu."

Abin da ta faɗa daidai yake da abin da ke cikin littattafanmu. Tsamin sure asid ne. Kanwa kuwa gishirin sodiyam ce mai kabonet da baikabonet, irin wadda fatake suka daɗe suna kawowa ƙasar Sakkwato daga Dallol Bosso da Manga. In suka haɗu, sai su kashe juna, a sami ruwa da iskar kabon dayokzaid, ita ce kumfar. Wannan haɗuwar ce kuma ke gudana a jinin mutum dare da rana. Akwai ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda Sorensen, wani masani ɗan Denmak, ya fito da shi a 1909. Lamba 7 ce tsakiya, ƙasa da ita tsami, sama da ita halin kanwa. Ruwan cikin tumbi yakan sauka har wajen 2, amma jini ba ya yarda ya fita daga 7.35 zuwa 7.45. Kullum jiki na samar da asid, baikabonet na jini na tare shi, huhu na fitar da iskar da ta fito, ƙoda kuma na zubar da ragowar a fitsari. Shi ya sa mai kwalara, da ya zubar da baikabonet ɗinsa ta gudawa, za ka ga yana jan numfashi mai zurfi. Huhu ne ke ƙoƙarin rage tsamin jini, kuma saboda haka ake sa sitiret, mai kashe tsami, a cikin fakitin ruwan gishiri da sukari na asibiti.

Daddawa ce ta fi burge ni. Mata a nan suna yin ta kalwa, suna kuma yin batso da 'ya'yan sure. Ana dafa ƙwayar, a rufe ta cikin ɗumi har ta ruɓa. A kwanakin da take ruɓa, wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani ke yayyanka furotin ɗin cikinta zuwa ƙananan tubalansa, wato amino asid. Iri 20 ne ake gina furotin da su, tara daga ciki jiki ba ya iya yin su, dole sai daga abinci. Kowannensu yana da ɓangare mai tsami da ɓangare mai halin kanwa, don haka yana iya karɓa yana iya bayarwa, gwargwadon inda ya sami kansa. Ɗaya daga cikinsu, histidin, yana cikin furotin ɗin jan jini, yana taya baikabonet tare tsami. Wani kuma, gulutamet, shi ne ɗanɗanon daddawa, shi ne kuma abin da wani masani mai suna Ikeda ya gano a Japan a 1908, wanda yau ake sayar mana a dunƙule. Warin nan da ke korar baƙo amoniya ce, alamar cewa daddawa ta haura lamba 7. Ina ganin babu dalilin da yaro a Tambuwal zai fara jin wannan darasi da misalan wata ƙasa, alhali uwarsa tana yin gwajin a bayan ɗaki.

Inda hankalina ya tashi shi ne ɗakin maijego. Kunun kanwa ake kai mata safe da yamma, mai kauri, kanwar ta ji har tana ɗaci, ga wankan ruwan zafi. Niyyar kirki ce, a kori sanyi, a kawo nono. Amma kanwar da ke cikin kofi ba ta gyara jini, domin jini ba ya jiran kunu kafin ya daidaita kansa. Abin da take bari shi ne sodiyam mai yawa, shi kuma yana riƙe ruwa a jiki, ya ɗora wa zuciyar da ta gaji da ɗaukar ciki wani kaya. Tun shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry suka yi rubutu kan gazawar zuciya bayan haihuwa a Zariya, suka alaƙanta ta da kunun kanwa da zafin jego. A 2007 wani bincike a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya sami cutar a kusan haihuwa ɗaya cikin ɗari. Daga baya masu bincike a Kano sun nuna cewa ƙarancin sinadarin seleniyam da rashin abinci mai gina jiki suna da hannu, don haka ba kanwa kaɗai za a ɗora wa laifi ba. Duk da haka, ita ce abin da ke hannun mutanen gida.

Na yi wa Inna bayani a tsanake, ba a gaban baƙi ba. Na roƙe ta ta rage kanwar, ta ƙara wake da nono da kifi, tunda gero ba shi da wadatar amino asid ɗin laisin, wake kuwa yana da shi. Na kuma ce in aka ga ƙafafun yarinyar sun kumbura, ko tana haki in ta kwanta, ko tari na tashinta cikin dare, kada a ce sanyi ne a ƙara kunu, a kai ta asibitin Tambuwal a ranar. Inna ta ce hana kunu ba zai yiwu ba, surukai za su yi magana, amma kanwar za ta sa da hannunta, kaɗan.