Filin Langa a Tsakiyar Gonaki

Daga Kano zuwa Ɗambatta, kan hanyar Kazaure da Daura, da wuya ka ga ƙasar da ba a nomawa. Gero da dawa, wake a ƙarƙashinsu, gawo da ɗorawa a tsakiyar gona, wannan ƙauye na hango wancan. A nan fili ba abin wasa ba ne, ko da kuwa filin wasa ne.

Mun leƙa firamare biyu masu ajin share fage, na yara 'yan shekara huɗu zuwa biyar. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sanya kula da irin waɗannan yara cikin ilimin tushe, amma yadda safiyarsu ke tafiya yana hannun shugaban makaranta.

A ta farko, gyaɗa ce ta cinye filin har bakin taga. Hedimasta ya ce da kuɗinta ake sayen alli da gyaran kwano. Ba mu ga laifinsa ba, rufin kam yana yoyo. Sai dai yaran suna kan tabarma tun safe suna bitar baƙaƙe, wanda ya motsa a daka masa tsawa.

A ta biyu, wajen Makoɗa, shugabar ta kafe sai da aka bar mata gindin wata ɗorawa da abin da ke kewaye. Ba lilo, ba ƙwallo. Tsofaffin tayoyi ne aka binne rabi, yara na hawa suna dira. An zana 'yar gala-gala a ƙasa, maza na langa, wasu sun zauna suna carafke da tsakuwa. Kuma ta sa wasan a jadawali kamar lissafi, malama na tsaye a kai.

Ku da kuka wuce wannan mataki, kun san abin da langa ke yi? Tsayuwa da ƙafa ɗaya na koya wa jiki daidaituwa. Carafke kuwa na haɗa ido da yatsu, waɗannan yatsun da gobe za su riƙe fensir. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yaro ɗan shekara uku zuwa huɗu ya samu aƙalla minti 180 na motsa jiki kullum, 60 daga ciki mai sa haki.

Wani zai ce ɗan ƙauye ai ba ya rasa motsi. Gaskiya ne, akwai aike da ɗiban ruwa da korar awaki. Amma 'yar da ke goyon ƙaninta da yamma ba ta samun damar tsalle sai a makaranta.

Shugabar ta ce kowace damina sai maƙwabcin gona ya matso da kunya ɗaya. Bana ita da iyayen yara sun dasa aduruku a kan iyakar.