Takardar gayyatar ƴan tarminal

A ƙarshen watan Mayu na shekarar 2023, saura makonni kaɗan a zauna jarabawar bakaloriya, ɗaliban ajin ƙarshe na wata makarantar sakandare a garin Agiye suka taru ƙarƙashin bedin da ke bayan ajinsu domin shirya walimar bankwana. Abin da ya tara su ba mai yawa ba ne: nawa kowa zai bayar, wa zai aro tabarmi da kujeru, su wa za su tsaya kan girki, sai kuma sunayen waɗanda za a gayyata. Maganar kuɗi ba ta ɗauki lokaci ba, jaka ɗaya ga mai hali, dala ɗari ga wanda bai kai ba. A kan takardar gayyata ne zaman ya cije, har aka kira sallar la'asar ba a rufe ta ba.

Shugaban ajin ya rubuta sunayen malamai da na shugabannin makaranta, ya ce shi ke nan, saura ƴan aji. Wani ɗan sashen kimiyya ya ƙara da cewa, cikin raha, ai walimar ta tsaba ce, ƙaiƙayi tuni iska ta tafi da shi. Aka yi dariya, ban da wata yarinya da ta fito daga wani ƙauye wajen Ɗan Saga. Ta ce yayanta ya fi ta ƙoƙari nesa ba kusa ba, shi ke zuwa na ɗaya a makarantar ƙauyensu. Amma shekarar da ita ma ta samu shiga kwaleji, mahaifinsu ya ce ba zai iya ciyar da baki biyu a gari ba alhali gona ba ta da hannu, sai yayan da kansa ya ajiye littattafai ya ɗauki hauya. Geron da take ci a Agiye shekara bakwai ke nan, shi ke noma shi. Ta ce in shi ne ƙaiƙayi, to a nuna mata tsabar.

Daga nan zancen ya bar walima ya koma ƙidaya. Karatun boko a Nijar shekara 13 ne ga wanda bai maimaita aji ba: 6 a firamare, 4 a kwaleji, 3 a lise. Wanda ya zauna bakaloriya a 2023 ba tare da tuntuɓe ba, a Oktoban 2010 aka rubuta sunansa a aji ɗaya, watanni kaɗan bayan juyin mulkin 18 ga Fabrairu da ya kawar da shugaba Tandja Mamadou, a shekarar da ita ma ta zo da ƙarancin cimaka. Mafi yawansu kuwa suna goye ko suna tatata lokacin yunwar 2005, wadda ta yi wa ƙananan yaran jihar Maraɗi mummunar ɓarna. Kowannensu ya iya tuna ajinsa na farko, rumfar kara cike maƙil, yara zaune a kan rairayi da allo a cinya. Da aka ce kowa ya lissafa abokan wannan rumfa da suka kawo tarminal, a nan ko a wani gari, ba wanda ya cika yatsun hannu ɗaya. Akwai wanda ya ce a ƙauyensu shi kaɗai ne.

Firamare ba ta zubar da su da yawa ta hanyar jarabawa ba, domin sun tarar an dakatar da jarabawar satifika, wadda ba a maido da ita ba sai a 2024. Babbar ƙofar da ta raba su ita ce ta kwaleji, kuma ba ƙwaƙwalwa ce ta raba su a wurin ba, masauki ne. Ba kowane ƙauye ke da kwaleji ba. Yaron da bai wuce shekara 13 ba, wanda bai taɓa kwana a wajen gidansu ba, za a ɗora shi a amalanke ko a bayan kabu-kabu da tabarma da akwatin ƙarfe da ƴan tiyoyin gero, a kawo shi gari a danƙa wa wani. Wannan wani kan zama ɗan'uwan uwa, ko abokin cinikin uba a kasuwar aya, ko kuwa mutumin da aka sani kawai da sunan ɗan ƙauyenmu ne da ya zauna gari. Ba a rubuta yarjejeniya, ba a yanka farashi. Zumunci ne jingina, kuma kowa ya san zumunci na da nauyin da yake iya ɗauka.

A nan labaransu suka bambanta. Wasu sun faɗa hannu nagari, aka haɗa su da ƴaƴan gida a akushi ɗaya. Wasu sun zama ƴan aikin da ba a biya: ɗebo ruwa kafin fitowar rana, kai dabbobi, talla da yamma, sai bayan sallar isha'i a samu sarari a buɗe littafi da hasken tocila. Samari da yawa sun gwammace su haɗu huɗu ko biyar su kama ɗaki, su dafa sau ɗaya a yini. Dukkansu kuma sun san watannin da ake jin jiki, wato Maris da Afrilu, lokacin da geron da aka aiko ya ƙare, rumbun gida ya yi ƙasa, zafi ya kai maƙura, daidai lokacin da karatu ya fi bukatar natsuwa. Yaro ba ya zuwa gaban malami ya ce yunwa ce ta kore shi. Sai dai a ga ya tafi hutun mako biyu bai dawo ba, bayan wata ɗaya a ja layi a kan sunansa. Hukuma na ƙidaya azuzuwa da tebura da malamai, kuma daidai ne ta ƙidaya su. Amma babu wani shafi a rahoton ƙarshen shekara da ke nuna gidaje nawa a Agiye ko Cadawa ko Gazawa suka ƙara ruwa a furarsu domin ɗan wani ya kai birbe.

Sunan da ya fi yawo a bakinsu a wannan yammaci na wata tsohuwa ne mai tuyar ƙosai kusa da tasha, wadda duk suke kira Inna. Ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba, amma ta san ranar komawa makaranta da makon jarabawa fiye da wasu iyayen. Uku daga cikin ajin a zaurenta suka kwana shekarun kwaleji, wasu da dama kuma sun ci ƙosanta bashi, bashin da ba ta taɓa tambaya ba. Ita aka fara rubutawa a ƙasan sunayen malamai.

Ƴan matan ajin ba su cika benci uku ba, kuma ƙidayarsu ta fi ta maza ɗaci, domin su sun san ranar da kowace ƙawa ta fita: ranar da aka kawo kayan sa rana. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18, jihar Maraɗi kuwa tana sahun gaba. A Disamban 2017, suna aji na biyu a kwaleji, gwamnati ta fitar da doka ta kare karatun ƴaƴa mata. Doka aba ce mai kyau. Sai dai uban da ya tura ƴarsa gari wurin mutanen da bai yarda da tarbiyyarsu ba, yana kwana da tsoron abin da za a ce, ba doka ke kwantar masa da hankali ba, amintaccen masauki ne. Ɗaya daga cikinsu ta ce ƙawarta ta siziyam yanzu tana da ƴaƴa uku, kuma duk lokacin da suka haɗu a gidan biki tambayarta ɗaya ce, ko an kai ga darasin da suka tsaya.

Malamai ma sun shiga ƙidayar. Yawancin waɗanda suka koya musu karatu da rubutu ƴan kwantaragi ne, masu jiran alawus ɗin da kan yi wata biyu ko uku bai zo ba, abin da ke jawo yajin aiki kusan kowace shekara. Ɗaliban sun tuna makonnin da suka tafi a banza, sun tuna kuma zanga-zangar Afrilun 2017 bayan mutuwar wani ɗalibin jami'a a Yamai, da jarabawar tantance malaman kwantaragi da aka yi a wannan shekara, wadda ta raba dubbai da aikinsu. Abin mamaki, babu wanda ya yi maganar da zafi. Wani ya ce mushensu na aji shida, wanda ke ba su darasin yamma kyauta, yanzu yana sayar da man fetur a kwalba a bakin hanyar Tasawa, kuma har yau in ya gan shi sai ya tambaye shi makinsa na lissafi. Shi ma aka rubuta shi.

Shekarar birbe ta zo musu da annobar korona. An rufe makarantu a Maris na 2020, ba a buɗe ba sai 1 ga Yuni, aka kai jarabawar cikin Agusta, tsakiyar aikin gona. Iyakar Najeriya kuma tana rufe tun Agustan 2019, iyayen da ke dogara da cinikin Jibiya da Katsina hannunsu ya bushe. Da yawa sun koma ƙauye a wancan hutu na dole ba su sake dawowa ba. Amma abin da ya sa aka yi shiru ƙarƙashin bedin shi ne tuna kwana biyu na Nuwamban 2021. Ranar 7 ga wata ramin haƙar zinari ya rufta a Garin Liman, wajen Ɗan Isa, ya kashe aƙalla mutum 18. Washegari gobara ta tashi a azuzuwan kara na wata makarantar firamare a birnin Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu. Ƴan ajin suna da tsoffin abokan karatu a ramukan zinarin yankin, suna kuma da ƙanne a rumfunan kara. Sun kwana biyu suna buga waya ta ko'ina, ba su san ɓangaren da za su fara tambaya ba.

Kafin magariba takardar ta cika ta koma bayanta: masu masauki, yayye, tsoffin abokan aji da ke cikin gari, mai shagon da ke ba da littafin rubutu bashi. Sai wata matsalar ta ɓullo. Shugaban aji ya riga ya tsara jawabinsa da faransanci mai nauyi, ya yi kwanaki yana gyara shi, ga shi kuma rabin baƙin ba za su ji ko kalma ɗaya ba. Aka yarda a yi shi da Hausa. Da aka zo rubutawa sai aka ga abin kunya: matasan da ke iya cika shafi huɗu a kan falsafa da harshen Faransa, ba wanda ya tabbata inda ake sa ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ, kowa na rubuta Hausarsa da ƙa'idar faransanci kamar saƙon waya. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da ke koyarwa da Hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 kuma ta ba harsunan ƙasa gurbi, amma a cikin ajin nan babu wanda ya bi ta irin wannan makaranta. Wanda ya fitar da su shi ne wani yaro da mahaifinsa ya yi karatun yaƙi da jahilci, ya taso yana karanta ƴan littattafan da uban ke ajiyewa a cikin jakar fata. A lokacin ba su san cewa a Maris na 2025 za a ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, faransanci ya koma harshen aiki ba. Haka ba su san cewa daminar da za su karɓi sakamako ita ce ta juyin mulkin 26 ga Yuli, da rufe iyakoki, da yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya. A faɗin ƙasa, waɗanda suka faɗi bakaloriyar wannan shekara sun fi waɗanda suka ci yawa, ajin nan ma bai tsira ba.

Ranar walima ba kowa ya amsa gayyata ba. Wasu tsoffin abokan sun ce suna da aiki, kuma an gane kunya ce. Wani ya aiko da cewa shi ba ya zuwa kallon waɗanda suka fi shi. Waɗanda suka zo sun tsaya daga bakin ƙofa, sai da aka jawo su da hannu, har da waɗanda suka yi shekara uku suna zama a waɗannan azuzuwa. Shugaban aji ya karanta jawabinsa yana tuntuɓe, domin bai taɓa karanta Hausa a gaban jama'a ba. Bayan godiya ga malamai ya kira sunayen waɗanda suka faro tare da su, kowane da ajin da ya tsaya, ya yi addu'a ga waɗanda suka rasu. Aka nemi Inna ta ce wani abu. Ta gyara lulluɓinta ta ce ita ba ta da magana, sai dai duk wanda Allah ya ba gida a gari nan gaba, kada ya gina shi ba zaure.

Yayan yarinyar ya zo a kan aron babur, da riga sabuwar guga, ya zauna a ƙarshen tabarma. Tsohon malaminsa na lissafi ya gane shi, ya kira shi da sunansa, ya dafa kafaɗarsa. Ana cikin raba shinkafa iska ta juyo daga gabas da ƙamshin ƙasa, hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Ya miƙe ya ce da ƙanwarsa zai kama hanya kafin ruwa ya tare shi, domin in an yi ruwan shuka a daren nan da asuba za a fita, irin ma bai gama gyarawa ba. Ta ce, "Yaya, ko abincin ba ka ci ba." Ya ce ta ƙulla masa a leda. Samari huɗu ko biyar daga cikin ƴan ajin suka dubi sama, suka dubi juna, ɗaya ya je wurin malamin falsafa ya ce, "Mushe, gobe ba za mu samu zuwa bita ba."