Tsakuwa Ta Faɗi Abin Da Baki Ya Ɓoye

Zauna ka ji labarina, wataƙila akwai irinsa a gidanka.

Ni manomi ne kamarka, daga wani ƙauye na jihar Maraɗi. Ban shiga lakwal ina yaro ba. Sai da furfura ta fara fitowa na zauna ajin yaƙi da jahilci, na koyi karatu da lissafi. Shi ya sa mutanen garinmu suka zaɓe ni cikin kwamitin kula da lakwal, wanda muke kira Kojes. Ni ne mai riƙe da kaye, ina rubuta abin da aka tsayar.

Ina da ɗiya mai shekara 10, tana aji 4. Da farko ita ke tashe mu da safe don ɗokin lakwal. Daga baya ta sake. Yau ciwon kai, gobe ciwon ciki. Da sakamakon jarrabawa ya fito, tana can ƙasa. Na tambaye ta dalili cikin faɗa, ta sunkuyar da kai, ba ta ce uffan ba. Na ce a raina yarinyar nan ba ta da kan karatu, gara in fitar da ita ta taimaki uwarta.

Ba ita kaɗai ba ce. A taron kwamiti, mushe darakta ya ce ƴan mata suna raguwa a aji. Wannan ya ce malamai ba su koyarwa. Wancan ya ce yaran zamani ne ba su jin magana. Sai wata tsohuwa daga ƙungiyar uwayen yara ta ce: "Ku maza, tun ɗazu kuke gardama a kan yara. A cikinku wa ya taɓa tambayarsu?"

Muka yi tsit. Gaskiya ta faɗa. Jarrabawa tana nuna ko yaro ya iya karatu. Ba ta nuna ko ya karya kumallo, ko yana jin tsoro. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke yi masa yoyo.

Amma yaya za a tambayi yaro? Ka san tarbiyyarmu. Yaro ba ya kallon idon babba ya ce malam na dukana, ko baba ya hana ni abinci. Sai muka tuna yadda aka zaɓe mu. Tun da aikin gyara kwamitocin lakwal ya fara a jihar Tawa a 2004, da taimakon ƙasar Japan, ana zaɓen shugabannin kwamiti da ƙuri'ar asiri. Muka ce, in asiri ya buɗe bakin manya, zai buɗe na yara.

Ga yadda muka yi, ka riƙe shi da kyau. Muka kafa zana a gindin bishiya, nesa da aji. Bayan zanar muka ajiye tukwane 2 masu ƙaramin baki. Mai farin zane ita ce "i", mai baƙin zane ita ce "a'a". Yara maza muka ba su tsakuwa, ƴan mata kuma ƙwallon dabino. Ta haka za mu san amsar maza da ta mata, ba tare da sanin sunan kowa ba. Malamai suka koma nesa. Ni na karanta tambaya da Hausa, yara suka riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya suna jefawa. In sun gama, mu juye a tabarma, mu ƙidaya, in rubuta.

Tambayoyinmu 6 ne. Ka ci abinci kafin ka zo yau? Kana samun ruwan sha a lakwal? Kana ganin allo daga inda kake zaune? Kana da abokin wasa a nan? Kana makara saboda aikin gida? Kana jin tsoron zuwa lakwal?

Da muka juye tukunyar "i" ta tambaya ta 5, ƙwallon dabino ne ya cika tabarma, tsakuwa ƴan kaɗan. Ta 6 ma haka. Na dubi tulin nan, jikina ya yi sanyi. Ban san wanne ne na ɗiyata ba, kuma ban nemi sani ba.

Da dare na ba uwargida labari. Ta ce: "Malam, ruwan da kake alwala da shi da asuba, wa kake tsammani ke ɗebo shi?" Rijiyarmu tana da nisa, ga layi. Yarinyar kan yi sawu 2 kafin ta ɗauki jakarta. In ta isa, an riga an shiga aji. Mai makara kuwa, bulala ke tarbarsa a ƙofa. Wata rana ko koko ba ta tsaya sha ba.

Na kira ta, na zaunar da ita kusa da ni. Wannan karo ban ɗaga murya ba. Ta ce: "Baba, ina son karatu. Duka ne ba na so." Kunya ta rufe ni. Na tafi neman mai laifi a lakwal, ashe rabin laifin yana cikin randar gidana.

Muka tara gari a ƙofar maigari, maza da mata, na karanta abin da ke cikin kaye. Wasu iyaye suka husata. Wani malami ma ya ji zafi, ya ce an haɗa shi da yara. Maigari ya ce: "Ba a kira sunan kowa ba. Tsakuwa ba ta da dangi a garin nan." Aka yi dariya, zukata suka sauko.

Muka tsayar da abu 3. Ɗebo ruwa ya koma da marece, kuma samari masu amalanke su taimaka. Malamai su ajiye bulala, su tambayi mai makara dalili. Kowane gida ya kawo ɗan abin da ya samu, mu sayi randuna mu ajiye a ƙofar kowane aji. Ƙananan yara da masu raunin ido kuma aka maido su gaba.

Bayan wata 3 muka sake kafa zana, da tambayoyin nan dai, ba mu canza ko ɗaya ba. Nan amfanin yake. Manomi ba ya duba gonarsa sau ɗaya ya ce ya san halin damina. Na buɗe kaye na gwada da na baya. Masu tsoro sun ragu ƙwarai. Masu makara sun ragu. Amma ba zan ɓoye maka ba: masu zuwa da yunwa sun ƙaru. A Oktoba, lokacin da ake buɗe lakwal, kaka ce, rumbu cike yake. In bazara ta matso, hatsi ya ja baya. Wannan ya fi ƙarfin randa da kyakkyawar magana. Mun rubuta wa hukumar ilimi ta yankinmu takarda da lissafinmu a ciki, muna neman a riƙa dafa wa yara abinci. Mun kuma yi alkawarin ware damma tun daga kaka.

Jin ta bakin yaro ba raina iyaye ba ne. A 1989 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar da yarjejeniyar haƙƙin yara, ƙasarmu Nijar ta amince da ita a 1990. A ciki an ce a saurari yaro kan abin da ya shafe shi.

In za ku gwada a garinku, ku kiyaye abu 3. Kada a bincika wa ya jefa me, domin ranar da asiri ya tonu, yara sun daina faɗin gaskiya. Kada a mai da lissafin sandar dukan malami. Kuma kada ku tambaya in ba ku da niyyar gyara ko abu ɗaya. Yaron da ya faɗi damuwarsa aka share, gobe ba zai sake faɗi ba.

Ɗiyata tana nan a lakwal. Wani lokaci ita ke gyara mini rubutu a kaye. In na tuna saura kaɗan in fitar da ita, sai in gode wa Allah, in gode wa tsohuwar nan.

Kai da ka iya karatu yanzu, ga aiki ya same ka. Tukwane 2, zana, da kaye ɗaya sun isa. Amma tun kafin taro, yau da dare, kira ɗanka ko ɗiyarka, ka tambaya a hankali: yaya lakwal? Ka yi shiru har ya gama magana.

Allah ya raya mana zuri'a. Wassalam.